Abin da Bango Ya Haɗiye

A gidanmu na Kwarbai bango ba ya musu.
Jar ƙasa ce da aka cuɗa da ciyawa.
Ka kafa ƙusa, ka buga sau biyu da dutse,
ta shige kamar wadda aka amsa wa sallama.
Nan mahaifina ya rataye agogonsa shekara talatin da ɗaya,
nan Inna ta rataye faifai da maburgi,
ba wanda ya taɓa tambayar bango ko ya yarda.

Yanzu ga ni a Hanwa, ɗaki biyu na haya,
bulo da filasta, fenti ruwan ƙwai.
Na zo da agogon naɗe a tsohon rawani.
Ƙusar farko ta lanƙwashe kamar ƙugiya,
ta biyu ta yi tsalle ta ɓace bayan kujera,
ta uku ta ɓamɓaro filasta, faɗin tafin hannu,
ta bar ni da babban yatsa yana zogi
da tunanin abin da zan gaya wa mai gidan.

Zuwaira ta dawo daga makaranta ta same ni tsaye.
Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka.
Ta ce, "Baba, ajiye gudumar nan.
Wannan bangon ba a shiga masa da faɗa."

Ta aro injin huda wurin Tanimu mai walda,
ta kwance ƙullin leda daga Sabon Gari:
'yan robobi shuɗaye, tsawon gaɓar yatsa,
da haƙora a gefe kamar ƙafar fara.
"Fisha," in ji ta.
Na juya ɗaya a tafina, ba ta kai nauyin gyaɗa ba.
Wannan ce za ta ɗauki agogon ubana?

Muka jira wuta har bayan la'asar.
Ta ƙwanƙwasa bango, kunnenta a manne,
tana sauraron inda yake holoƙo, inda waya ta bi.
Ta ɗiga fensir.
Ta naɗa salatif a bakin injin,
nan ne iyaka, kada ramin ya zarce baƙuwarsa.
Injin ya yi gurnani, ya faɗa wayam.
An yi wa bulon rowar siminti,
yashi ya zubo kamar gari daga ɓulallen buhu.
Ta yi tsaki irin na uwarta,
ta matsa yatsu uku dama, ta sake.
A nan bango ya cije, ya yi gardama, sannan ya ba da hanya.

Ta hure ramin, ƙura ta sauka a girarta,
na ga tsohuwar da za ta zama wata rana.
Ta tura fisha, ta bi ta da guduma a hankali,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya,
har ta yi daidai da fuskar bango.
Sai sukuru.
"Duba, Baba, yana shiga tana buɗewa a ciki.
Matsin da ta sha, shi ne riƙon."

Na kama na ja. Ko gezau.

Yanzu agogo na bugawa a ɗakin da bai san shi ba.
Baƙi suna yaba katakonsa, suna karanta lokaci,
ba wanda ke tambayar me ke ɗauke da shi
a can cikin duhu, a matse, baki buɗe.

Guda ta rage. Tana aljihuna tare da carbi,
jiya a masallaci na zaro su tare.
Agogon ya rufe tabon da na yi,
sai ɗan gefe da ke leƙowa ta ƙasa.
Ran Asabar mai gidan zai zo karɓar haya.
Zan zaunar da shi yana ba bangon baya.